Amsoshin Wasiƙunku: Shin Namu Da Suka Rasu Suna Duban Mu Daga Can?

Yau tambaya ɗaya tak za mu ɗauka, domin ta zo mana daga wurare dabam-dabam, ba kuwa irin wadda ake amsawa a tsaitsaye ba ce. Ta shafi abin da Kirista suka gaskata, saboda haka daga Littafi Mai Tsarki da tarihin ikkilisiya za mu ɗebo amsa. 'Yan'uwanmu Musulmi da ke tare da mu a wannan fili, ku ma kada ku murɗa akwatin. Mutuwa rigar kowa ce, yana kuma da kyau mutum ya san abin da maƙwabcinsa ya riƙe.

Wasiƙa ta fari ta fito daga wata baiwar Allah a wani ƙauye na ƙasar Kaciya. Ɗanta ne ya rubuta mata, ta roƙa a sakaya sunanta, to mun sakaya. Maigidanta dattijon ikkilisiya ne, ya rasu a shekara ta 2022, ya bar mata 'ya'ya huɗu da gonar citta. Da shekara ta zagayo citta ta ruɓe a ƙasa, autanta kuma ba ya yin wata biyu bai kwanta zazzaɓi ba. Yanzu wani ya fito yana neman aurenta. Sai ƙannen marigayin suka taso, suka ce ai wansu yana kallon duk abin da take yi, ransa a ɓace yake, shi ya sa gona ta ƙi, yaro ya rasa lafiya. Suka kawo wani mutum da ya ce ya ji muryar mamacin, wai yana so a yanka farin rago, a kai tulun giya kabarinsa, a miƙa gonar ga danginsa, ita kuma ta manta da zancen aure. Tambayarta ita ce, da gaske mijinta yana ganinta? In yana gani, fushi yake yi da ita?

Ta biyu daga wani mai sana'ar hatsi ce a Saminaka, shi ta wayar hannu ya turo. Mahaifiyarsa, wadda ta yi shekaru cikin zumuntar mata, ta rasu bara. Daren da zai yi tafiya ya yi mafarkinta tana ɗaga masa hannu kamar mai cewa dakata. Ya fasa tafiyar, motar da zai shiga kuwa ta yi haɗari. Yana so ya ji ko ita ce ke gadinsa, ko kuma ya halatta ya riƙa yi mata godiya idan ya durƙusa addu'a. Ta uku samari biyu ne daga Numan, ɗaya ɗan Katolika, ɗaya ɗan Lutaran. Sun ce sun yi gardama a kan wannan batu har tuwo ya huce, suna so mu raba su.

To, Mama ta Kaciya, sannu da haƙuri, Allah ya ta'azantar da ke da yara. Kai ma ɗan'uwa na Saminaka, yaya haƙuri. Ku gyara zama, zancen yana da ɗan tsawo.

Mu fara daga inda kusan kowa ya yarda. Yawancin ikkilisiyoyi suna koyar da cewa mai bi da ya mutu yana raye wurin Ubangijinsa, yana kuma cikin hayyacinsa, ko da yake jikinsa na kabari yana jiran ranar tashin matattu. A Luka 23:43 Yesu ya yi wa ɓarawon nan da aka gicciye tare da shi alkawarin Firdausi a wannan rana, bai ce sai bayan shekaru ba. Manzo Bulus kuwa, yana ɗaure, ya rubuta wa Filibiyawa cewa tafiya ya zauna tare da Almasihu ta fiye masa zaman duniya nesa ba kusa ba. Akwai dai waɗanda suka saɓa. Masu sujada ran Asabar, watau 'yan Adbantis, irin waɗanda ake samu a wajen Jengre, su a wurinsu mamaci barci yake yi, bai san kome ba sai ran da aka tashe shi. Hujjarsu tana Mai Hadishi 9:5, littafin da tsohuwar fassarar Hausa ta 1932 ke kira Mai-Wa'azi. Sauran sukan amsa musu cewa wannan littafi yana maganar abin da ido ke gani ne a nan ƙarƙashin rana. Ga mai bin koyarwar Adbantis dai zance ya ƙare tun nan, domin mai barci ba ya gadi. Ga sauran kuwa yanzu aka fara, gama kasancewa a raye daban, ganin abin da ke faruwa a tsakar gidanka daban.

Ayar da aka fi kawowa, musamman a wa'azin jana'iza, ita ce Ibraniyawa 12:1. A nan marubucin ya kwatanta rayuwar mai bi da tseren gudu, ya nuna shaidu masu ɗumbin yawa sun yi wa masu tseren zobe. Da yawa sukan ji haka su hango filin wasa, iyaye da kakanni a jere suna tafi. Hoto ne mai sanyaya zuciya, akwai kuma malaman da suka ce marubucin da gangan ya zana shi haka. Amma ka lura, mai sauraro, ɗan kallo daban, mai shaida daban. Wanda ya tsaya kallon dambe ɗan kallo ne. Wanda aka kira gaban alƙali ya faɗi abin da ya sani shi ne mai shaida, kalmar da aka yi amfani da ita a Helenanci kuwa ta wannan na biyun ce. Idan ka koma sura ta 11 za ka tarar da sunayensu: Habila, Nuhu, Ibrahim, Saratu, Musa, Rahab da sauransu. Rayuwarsu ce ke ba mu shaida cewa Allah ba ya saɓa alkawari. Aya ta gaba ma ba ta ce mu ɗaga kai mu dube su ba, Yesu ta ce mu zuba wa ido. A ganina wannan aya ginshiƙi ce mai kyau, amma ba za ta ɗauki nauyin rufin da ake ɗora mata ita kaɗai ba.

Wurin da ya fi matsowa kusa da tambayarku shi ne Luka 16, labarin mai arziki da Li'azaru. Dukansu biyu sun mutu. Matalaucin yana hutawa wurin Ibrahim, mai arzikin yana shan azaba. Sai mai arzikin ya tuna yana da 'yan'uwa biyar a gidan ubansa, ya roƙa a aiki Li'azaru ya gargaɗe su. Ka ga ke nan mutuwa ba ta goge tunani ba, ba ta kuma kashe damuwa da dangi ba. Idan mutum marar tausayi irin wannan bai manta da nasa ba, ina ga uwa mai tsoron Allah? Amma ka bi labarin har ƙarshensa. Bai ce yana hangen abin da 'yan'uwan ke yi ba, halin da ya bar su a ciki ya sani. Roƙon nasa kuma ba a karɓa ba. Ibrahim ya nuna masa cewa suna da littattafan Musa da na annabawa, in ba su saurari waɗannan ba, ko wani ya taso daga kabari ba za su saurara ba. Yawancin malamai misali suke ɗaukar wannan labari, saboda haka ba a auna Lahira da shi taku-taku. Duk da haka, wuri guda da Yesu ya kawo zancen a aika mamaci da saƙo zuwa gidan masu rai, amsar da aka bayar a'a ce.

Akwai wasu ayoyin da ke nuna mutanen sama suna da labarin duniya. A Wahayin Yahaya 6:9-11 rayukan waɗanda aka kashe saboda bangaskiya suna tambayar Allah yaushe zai yi shari'a, watau sun san ba a yi ba tukuna. A kan dutse, Musa da Iliya sun yi magana da Yesu a kan mutuwar da ke jiransa a Urushalima, abin da bai riga ya faru ba. Luka 15 kuma ta ce akan yi murna a sama idan mai zunubi ɗaya ya tuba. A ɗaya hannun, Ayuba 14:21 ta nuna mamaci ba ya sanin ɗaukakar 'ya'yansa ko ƙasƙancinsu. Annabiya Hulda ta aika wa Sarki Yosiya cewa zai shiga kabari lafiya, ba zai ga masifar da za ta auko wa Urushalima ba, wannan yana 2 Sarakuna 22:20. Da a ce matattu suna kallon kome, ina amfanin wannan alkawari? Ishaya 63:16 ma ta ɗauka cewa Ibrahim bai san jikokinsa na wancan zamani ba, shi ya sa annabin ya kai kuka wurin Allah.

Kada ku ɗauka mu ne na fari da muka yi wannan tambaya. Wajen shekara ta 421 wani bishop a Italiya, Paulinus na garin Nola, ya aika wa Agustin tambaya a kan binne matattu. Agustin ɗan Afirka ne, an haife shi a 354 a ƙasar da yau ake kira Aljeriya, shi ne bishop na Hippo, inda birnin Annaba yake yanzu. Amsar da ya ba shi ta zama ɗan littafi a kan kula da matattu, a ciki kuwa akwai labari biyu da nake so ɗan'uwanmu na Saminaka ya kasa kunne ya ji, domin na fari labarin 'yan kasuwa ne.

Lokacin da Agustin ke zaune a Milan, aka ba shi labarin wani saurayi da ubansa ya rasu. Sai ga wani ya zo da takardar bashi mai hannun uban, ya ce a biya shi. Ashe uban ya riga ya biya tun yana raye, bai dai karɓo takardarsa ba, bai kuma gaya wa ɗan ba. Yaro ya shiga damuwa. Da dare uban ya zo masa a mafarki ya gaya masa inda rasit yake. Ya duba, ya samu, ya kunyata mai ƙaryar, ya kuma karɓo takardar ubansa. Kowa ya ji wannan sai ya ce shi ke nan, ga uba yana tsaron ɗansa daga kabari. Amma Agustin ya ɗora labari na biyu. Kusan a daidai wannan lokaci, wani tsohon almajirinsa mai suna Yulojiyus yana koyarwa a Kartaj, kusa da Tunis ta yau. Yana shirin darasin gobe sai ya ci karo da wani wuri mai wuya a littafin Sisero, har barci ya nemi gagararsa. Da barci ya ɗauke shi, sai ga Agustin a mafarki yana warware masa wurin. Alhali Agustin yana raye, yana ƙetaren teku a Milan, bai san ana yi ba, sai da ya komo Afirka almajirin ya ba shi labari. To, in ji shi, in har za a ga kamannin mai rai a mafarki, ya ba da amsa daidai, shi kuwa ba shi da labari, me zai hana haka ta kasance da kamannin mamaci? Mafarkin yana iya zama gaskiya, taimakon yana iya zama daga Allah, ba tare da mamacin ya san an yi ba.

Sa'an nan ya kawo hujjar da ta fito daga cikin zuciyarsa. Mahaifiyarsa Monika ta sha kuka a kansa tun yana ɗan duniya, ta bi shi ta ƙasa ta bi shi ta ruwa har Italiya, ta rasu a Ostiya a 387. Ya ce da matattu suna da ikon shiga sha'anin masu rai yadda suka so, da ba daren da uwarsa za ta bar shi shi kaɗai, ba kuwa zai yarda cewa jin daɗin sama ya mai da ita marar tausayi ba. Amma ga shi fiye da shekara 30 ba ta zuwa ta lallashe shi idan yana baƙin ciki. Bai dai rufe ƙofa ruf ba. Ya ce matattu na iya samun labarinmu daga waɗanda suka mutu bayansu, ko daga mala'iku, ko Allah ya bayyana musu abin da ya ga ya kamata su sani. Ya kuma yarda cewa shahidai sukan taimaki masu rai, amma da ikon Allah da izininsa, ba don haka halin kowane mamaci yake ba. Ni dai ban ga wanda ya auna wannan magana da mudu mai kyau kamar wannan dattijo ba.

Yanzu ga samarin Numan. Ɗan Katolika, abin da ikkilisiyarka ke koyarwa shi ne masu bi na duniya da na sama jiki ɗaya ne, mutuwa ba ta tsinke zumuncin ba. Tsarkaka da ke gaban Allah suna yi wa na duniya addu'a, ya kuma halatta a roƙe su su yi, kamar yadda kake roƙon maƙwabci ya sa ka a addu'a. Babban taron Tirent ya tabbatar da haka a 1563. In ka tambaya ta yaya suke ji, malaminsu Toma Akwinas, wanda ya rasu a 1274, ya ce ba da kunnensu ba, cikin ganin Allah ne ake nuna musu abin da ya shafe su. Suna kafa hujja da Wahayin Yahaya 5:8, da kuma 2 Makabi sura 15, inda aka ga Annabi Irmiya, bayan mutuwarsa da daɗewa, yana yi wa jama'arsa addu'a. Wannan littafi yana cikin Littafi Mai Tsarki na Katolika, ba ya cikin na Furotesta, nan ma wani tushen gardamar ne. Tunanin kuwa tsoho ne. Tun wajen 252, ana tsakiyar annoba, Bishop Siprian na Kartaj ya ƙarfafa mutanensa da cewa iyaye da 'yan'uwa da 'ya'ya suna jiransu a can, sun sami nasu ceton, amma suna damuwa da na waɗanda suka bari. Sai dai ka lura, Katolika ba ta hanzarin cewa wane yana sama. Fada Tansi ya rasu a Ingila a 1964, sai ran 22 ga Maris 1998 Paparoma John Paul na Biyu ya sa shi cikin masu albarka a Oba kusa da Onica, bayan dogon bincike. Mamacin gida kuwa, abin da aka saba shi ne a yi addu'a dominsa, a sa a yi masa Misa, musamman ran 2 ga Nuwamba.

Kai kuma ɗan Lutaran, wataƙila za ka yi mamaki. Takardar bangaskiyar da kakanninka suka miƙa a Ogsbag ta ƙasar Jamus a 1530 ta ce a tuna da tsarkaka, a yi koyi da su, amma kada a kira su, domin matsakanci ɗaya ne, kamar yadda 1 Timoti 2:5 ta nuna. Amma a bayanin da Filib Melankton ya biyo da shi a 1531, ya yarda cewa tsarkaka a sama suna yi wa ikkilisiya addu'a gaba ɗayanta. Abin da ya ƙi shi ne a ce ka kira su, tun da ba umarni, ba kuma alkawarin za su ji. Angilikan ma sun ƙi kiran tsarkaka a ƙa'idarsu ta 22, haka nan ECWA da COCIN da EYN da Baptis ba sa yi. Ashe ratar da ke tsakaninku ba ta kai yadda kuke zato ba. Dukanku kun yarda suna raye, suna ƙauna, Allah ne kuma mai yi. A kan kira ne kuka rabu, wannan kuwa an yi kusan shekara 500 ana jan sa, ba a fili ɗaya na rediyo za a tsinke shi ba. Ku ci tuwonku.

Inda ba gardama ko kaɗan shi ne zancen neman magana da matattu ta hannun wani. Maimaitawar Shari'a 18:10-12, wadda tsofaffinmu suka sani da Kubawar Shari'a, ta haramta shi tare da duba da maita. Ishaya 8:19 ta yi mamakin mutanen da ke neman shawarar matattu a kan sha'anin masu rai. Katikisim na Katolika da ya fito a 1992 shi ma ya hana kiran kurwar matattu. Kun kuma san abin da ya sami Sarki Saul a 1 Sama'ila 28. Ya ɓad da kama ya tafi wurin wata mai duba a Endor da dare, ya ce ta kirawo masa Sama'ila. Malamai sun daɗe suna gardama ko Sama'ila ne ya fito ko wani abu dabam, amma ba mai gardama a kan abin da Saul ya samu. Bai sami taimako ba, labarin mutuwarsa ya ji, 1 Tarihi 10:13 kuma ta lissafta wannan tafiya cikin laifofin da suka kashe shi. Na san a wurare da yawa na tsakiyar ƙasar nan kakanninmu sukan zuba giya a kabari, dodo kuma yakan fito da sunan magabata ya tsawata wa mata da yara. Mutanen da suka yi haka girmama iyaye suke nufi, ba abin raini ba ne. Amma wanda ya karɓi baftisma ya riga ya zaɓi inda zai kai kukansa.

To, Mama ta Kaciya, ga amsarki. Ki ɗauki kowace koyarwa cikin waɗanda na lissafta. In ta Adbantis ce, maigidanki yana barci. In ta Furotesta ce, yana hutawa wurin Ubangiji. In ta Katolika ce, iyakar abin da zai yi miki shi ne addu'ar alheri. Babu ko ɗaya da ta ce mai bi da ya mutu yakan komo ya ruɓar da citta, ko ya sa wa ɗan cikinsa zazzaɓi don a ba shi rago. Mutumin da ya yi shekaru yana ciyar da yaran nan, yaya zuwansa gaban Allah zai mai da shi mugu? Citta kuwa, kin fi ni sani, cutar da ta auka mata a Kudancin Kaduna a 2023 ba ta tambayi ko mijin mai gona yana raye ba, ta cinye ta gwauraye, ta cinye ta masu maza, har da ta fastoci. Autanki kuma ki kai shi asibiti a gwada jininsa, ki ga ya shanye magani har ƙarshe, ya riƙa kwana cikin gidan sauro. Kuɗin ragon nan ya isa wannan har da canji.

Zancen aure ma Littafi bai bar shi a duhu ba. Romawa 7:2 da 1 Korintiyawa 7:39 sun nuna igiyar aure takan kwance da mutuwar miji, matar tana da 'yancin auren wanda take so, muddin mai bi ne. A 1 Timoti 5:14 Bulus ma shawara ya ba gwauraye masu ƙuruciya su yi aure. Da Sadukiyawa suka kawo wa Yesu zancen matar da ta auri 'yan'uwa bakwai bi da bi, ya nuna musu cewa a tashin matattu ba aure ba aurarwa, saboda haka ba kishiya, ba kishin miji. Sa'an nan ki yi wa kanki wannan tambaya: me ya sa duk abin da aka ce mamacin yana so, daidai yake da abin da ƙannensa ke so? Ruwa ba ya tsami banza. Kada ki yi faɗa da su, kada kuma ki sa hannu ko ɗan yatsa a wata takarda. Ki kai maganar gaban fasto da dattawan ikkilisiya, ki tafi da shugabar zumuntar mata, a kira mai unguwa, a zauna a fili a faɗi iyakar gonar da haƙƙin marayu a gaban shaidu. In ta ƙi ci ta ƙi cinyewa, akwai kotu. A 2014 Kotun Ƙoli ta Nijeriya ta yi fatali da wata al'adar Awka da ke raba gwauruwa da gidan mijinta don ba ta haifi namiji ba. Ku kuma dattawa da ke saurare, Yakubu 1:27 ta sa kula da marayu da gwauraye a cikin ma'aunin addini na gaskiya, wannan aiki naku ne, kada ku jira sai ta zo tana kuka.

Ɗan'uwa na Saminaka, barka da arziki, Allah ya kiyaye gaba. Ba zan ce mafarkinka banza ne ba, tun da Littafi cike yake da mutanen da aka gargaɗa cikin mafarki. Amma ka tuna da Yulojiyus. In Allah zai tsai da ɗan kasuwa mai saurin tafiya, wace fuska ce za ta tsai da shi in ba ta uwarsa ba? Aikin gadi dai an faɗi mai shi. Zabura 121 ta ce mai tsaron nan ba ya gyangyaɗi, Zabura 91 da Ibraniyawa 1:14 kuma sun nuna mala'iku ake aika wa wannan hidima. Saboda haka godiyarka ka kai ta wurin Allah, ka haɗa da gode masa saboda uwar da ya ba ka. In ka je share kabarinta bakinka ya suɓuce ka ce Mama na yi kewarki, ba wanda zai kira wannan tsafi, ƙauna ce ke magana. Abin da zan ja maka kunne a kai shi ne kada ka mai da mafarki sitiyarin kasuwancinka. Ran da ba ka yi mafarki ba, ka dai duba tayar mota, ka dubi idon direba, ka guji tafiyar dare.

Saura 'yar tambaya da samarin Numan suka liƙa a ƙasan takardarsu, wai jariri in ya mutu yakan zama mala'ika mai tsaron iyayensa? Ana yawan faɗar haka a gidan makoki, da kyakkyawar niyya. Amma mala'ika halitta ce dabam, mutum halitta dabam, Katolika da Furotesta duk sun yarda da wannan. Matiyu 18:10 ta ce ƙananan nan suna da mala'ikunsu, ba ta ce su ne mala'ikun ba. Da jaririn Sarki Dawuda ya rasu, a 2 Sama'ila 12, ya tashi ya yi wanka, ya yi sujada, ya ci abinci, ya gaya wa fadawansa cewa shi ne zai je wurin yaron wata rana, yaron ba zai komo wurinsa ba.

To jama'a, lokaci ya yi halinsa. Wasiƙun da suka rage, har da ta mai tambaya a kan zakar amfanin gona, sai mako mai zuwa in Allah ya kai mu. Ku huta lafiya.